Tambaya da Amsa: Daga Tankin Janareta Zuwa Tukunyar Nukiliya

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kusan duk a kan wutar lantarki suke, tun daga ta ƙaramin injin bayan ɗaki har zuwa ta yuraniyom ɗin Arlit da ke Nijar. Mun ɗauki biyar, mun ɗan rage tsawon tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya, daga wani tela a Funtuwa: Assalamu alaikum. Ina zuba wa ƙaramin janaretana lita 4 ta fetur, ya yi mini awa 6 ya mutu. Talabijin ce kawai a kansa, da fanka biyu da ƙwayaye shida. Ɗana da ke sakandare ya ce ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ya kai yunit 9 na mita. In haka ne, ina sauran yake tafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yaronka ya faɗi daidai, Allah ya yi masa albarka. Lita 4 tana ɗauke da ƙarfin yunit 36. Kayan da ka lissafa ba za su wuce wat 350 ba, a awa 6 sun ci yunit 2 da ɗan ɗoriya. Ke nan abin da ya zama wuta bai fi kashi 6 cikin 100 ba. Sauran bai ɓace ba, zafi ya zama. Kai hannunka kusa da salansa bayan minti goma da tayar da inji, za ka ji inda kuɗinka yake.

Fetur haɗin kabon ne da haidirojin. Idan fulogi ya ba da tartsatsi, ƙwayoyin zarrar waɗannan biyun sai su saki juna su kama iskar oksijin, kuma da yake sabon riƙon ya fi na da ƙarfi, rarar sai ta fito a matsayin zafi. Lita ɗaya tana buƙatar iska kusan lita 9,000 kafin ta ƙone sarai, ta bar hayaƙin kabon kilo 2.3 da tururin ruwa kusan kilo ɗaya. Zafin ya kumbura iskar da ke cikin inji, iskar ta tunkuɗa fistin, fistin ya juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin wayar jan ƙarfe da makanikai ke kira kwayil, daga nan wuta ta fito. A kowace gaɓa ana asara. Ko injin mota mai lafiya, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin mai ta salansa yake fita, wani kason kamarsa ya tafi ta lagireto.

Naka kuwa yana da ƙarin nakasu biyu. Na farko, da alama irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, kuma irin wannan injin yana amayar da wani ɓangare na man ɗanye, bai ƙone ba. Na biyu, dole ne ya riƙe juyi 3,000 a minti domin wutar ta zo daidai da yadda kayan gida ke so, ko ka ɗora masa kaya ko ba ka ɗora ba. Shi ya sa injin da ke ɗauke da ƙwan fitila ɗaya yake shan mai sosai duk da ƙanƙantar kayan da ke kansa. Injin fetur mai tukunyar baƙin mai daban, in an ɗora masa kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, yakan ba da wajen yunit ɗaya da rabi a lita. Babban injin gas, wato mai shan dizal, yakan ba da yunit 3 ko fiye.

Abin da ke hannunka: ka bi ma'aunin gaurayen da ke takardar injin, wanda galibi kashi ɗaya ne na baƙin mai ga kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, kuma mai na irin wannan injin, ba juyayyen man mota ba. In ya yi yawa fulogi zai yi baƙi, in ya yi kaɗan fistin zai kama. Ka wanke soson da ke tace iska duk mako a lokacin hunturu, domin in ƙura ta toshe shi iska tana raguwa, man ya ƙi ƙonewa sosai.

Wannan ƙarancin iskar shi ke haifar da abin da ya fi damunmu, wato iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu. Kada a tayar da inji a ɗaki, ko a zaure, ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko da ana ruwa, ko da ana tsoron ɓarayi. A kai shi fili, nesa da taga da kamar mita 6. In mutanen gida suka tashi da ciwon kai da jiri a lokaci guda, a fitar da su iska nan take, a kashe injin, a nufi asibiti.

Tambaya, daga wata uwargida a Katsina: An haɗa mana sola da batir biyu masu lamba 200Ah da faranti biyu na wat 300. Wata 14 ke nan, yanzu kafin ƙarfe ɗayan dare wuta ta ɗauke. Mai haɗawa ya ce a ƙara wa batir ruwan asid. Shin hakan zai gyara?

Amsa: Hajiya, kada a ƙara asid. Ba zai gyara ba, ƙarasa batirin zai yi.

Batir ya bambanta da janareta a abu ɗaya babba: ba ya bi ta hanyar zafi da juyi, kai tsaye yake mayar da haɗin sinadari zuwa wuta, don haka asararsa kaɗan ce. In aka zuba masa yunit 10 zai mayar da wajen 8. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowanne bolt 2 da ɗigo ɗaya. A kowane ɗaki akwai faifai iri biyu na darma, ɗaya ruwan ƙasa ɗaya ruwan toka, a tsome cikin asid da aka sirka da ruwa. Yayin da ake jan wuta, asid ɗin yana shiga jikin faifayen ya zama wani farin gishiri, ruwan ya tsinke. In aka yi caji, gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa. Amma in batir ya kwana biyu bai cika ba, gishirin nan yakan sandare ya yi tauri, caji ya kasa narkar da shi. Asid ɗin da mai haɗawa yake ganin ya ragu yana nan, maƙale a jikin faifai. In aka zuba sabo, kaurin ruwan zai wuce ƙa'ida ya cinye abin da ya rage.

Mu yi lissafi. Batir ɗaya, 200 sau 12, yunit 2.4 ne, biyu 4.8. Batirin darma ba ya son a sha fiye da rabinsa, don haka naku na amfani 2.4 ne, in inbata ta ci nata sai ya koma wajen 2. Gidan da ke jan wat 300 na awa 10 da dare ya sha yunit 3. Su kuma faranti biyun nan, a rana mai kyau, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya, ba za su ba da fiye da yunit 2 da kaɗan ba, kuma kayan da ke kunne da rana suna ci daga ciki. Kullum ana ɗiba fiye da abin da ake zubawa. Ba batirin ne jabu ba lallai, farantin ne ya yi kaɗan.

A cire komai daga jikin batir, a bar shi ya huta awa huɗu, a auna kowanne shi kaɗai. Cikakke zai nuna 12.6 zuwa 12.7, rabi 12.2, ƙasa da 11.9 fanko ne. In ɗaya ya tsaya a wajen 10.5 bayan caji, ɗaki ɗaya ya mutu a cikinsa, ba magani. In ruwa ya sauka, tataccen ruwan batir kaɗai za a zuba har ya rufe faifai, ba na rijiya ko na leda ba, domin gishirin cikinsu guba ne ga faifai. A duba na'urar daidaita caji, ya kamata ta kai batiran biyu bolt 28.8 ko ɗan sama ta riƙe su a nan na 'yan awoyi. Sannan wurin ajiya: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage ran batirin darma da kusan rabi, kuma kin san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu a Katsina. Ga shi yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Wuri mai sanyi da shigar iska yake so.

In za a sake saye, a fara ninka faranti. Batirin litiyom mai sinadarin ƙarfe da fosfet ya fi tsada, amma ana iya shan kashi 80 nasa kullum har sau dubbai. Tsohon kuma kada a bari yara su fasa shi ko a narka darmarsa a cikin gida. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, shekarar da ƙurar darma daga dutsen zinariya ta hallaka yara ɗaruruwa a yankunan Anka da Bukkuyum. Darmar batir ita ce dai wannan gubar.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Agadas: Muna jin cewa yuraniyom ɗin ƙasarmu ne ke haska Faransa. Ƙona shi ake yi kamar kwal? Kuma me ya hana a gina tashar a nan Arlit inda ake haƙo shi?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ƙona shi ake yi ba, fasa shi ake yi, kuma tsakanin biyun akwai nisa mai yawa.

Ka ɗauki ƙwayar zarra kamar ƙwai. Duk abin da muka faɗa a sama, ƙonewar fetur da aikin batir, a ɓawo yake faruwa, inda ƙananan ƙwayoyin lantarki suke sauya wuri. Ƙwanduwar ba a taɓa ta. A nukiliya kuwa ƙwanduwar ce ke rabewa. Idan wata ƙwaya marar caji da ake kira niyutron ta shiga ƙwanduwar yuraniyom mai lamba 235, sai ta tsage gida biyu, ta watso sababbin niyutron biyu ko uku, su ma su je su tsaga na kusa. In aka auna gutsattsarin, nauyinsu bai kai na asali ba da kusan kashi ɗaya cikin dubu, kuma wannan ɗan nauyin da ya ragu shi ne ya zama zafi. Otto Hahn da Fritz Strassmann ne suka ci karo da wannan a Jamus a Disambar 1938, Lise Meitner da Otto Frisch suka bayyana ma'anarsa, Enrico Fermi kuma ya tayar da tukunyar nukiliya ta farko, wato wurin da ake sarrafa wannan tsagewar, a Amurka ranar 2 ga Disamba 1942. Tsagewar ƙwaya ɗaya tana ba da ƙarfin da ya ninka na ƙonewar ƙwayar kabon sau wajen miliyan 50. Kilo ɗaya na kwal mai kyau zafin yunit 8 ne. Kilo ɗaya na yuraniyom 235, in ya tsage duka, zafin yunit miliyan 23 ne.

Sai dai abin da ke fitowa daga Arlit ba shi ke shiga tukunya ba. Tun 1971 kamfanin SOMAÏR yake haƙa a can, COMINAK kuma ya yi aiki a Akouta daga 1978 har aka rufe shi a Maris 2021. A tan guda na dutse, yuraniyom 'yan kilo ne kawai. Ana niƙa dutsen, a jiƙa shi da asid, a fitar da wani gari rawaya a ɗura a durom. Shekaru da dama hanyarsa ita ce Arlit zuwa Tawa, zuwa tashar ruwan Kwatano, zuwa Faransa. A cikin wannan garin, mai lamba 235 ɗin da ake nema kashi 0.7 ne kacal cikin 100, sauran mai lamba 238 ne wanda ba ya tsagewa da sauƙi. Dole a mayar da shi iska, a zuba a cikin dubban tukwane masu juyi da matsanancin gudu, kamar yadda ake sheƙe hatsi mai nauyi ya rabu da marar nauyi, har kason ya kai 3 zuwa 5. Wannan tacewar ita ce mai wuya, ƙasashe kaɗan ne ke da masana'antarta, kuma a nan darajar kayan take ƙaruwa. Daga nan a dunƙule shi ƙanana kamar kan ɗan yatsa, a jera cikin bututun ƙarfen zikoniyom masu tsawon mita 4. Ɗan dunƙule ɗaya yana aikin kwal kusan tan guda.

A irin tashoshin Faransa, waɗannan sandunan suna tsaye ne cikin tukunyar ƙarfe cike da ruwa. Ruwan yana aiki biyu: yana rage gudun niyutron domin su fi iya tsagawa, yana kuma kwashe zafi. Zafinsa yakan haura digiri 300 amma ba ya tafasa, saboda an danne shi da matsi da ya ninka na iskar duniya sau 155. Wannan ruwan ba ya fita waje. Ta jikin bututu yake miƙa zafinsa ga wani ruwan daban, shi ne yake zama tururi ya juya farfela, farfela ta juya maganaɗisu a cikin kwayil. Daga nan babu bambanci da tashar Egbin ta Legas mai ƙona iskar gas, ko tashar kwal ta SONICHAR da ke Anou Araren kusa da ku, wadda ita ce ma take bai wa ma'adinan Arlit wuta. Linzamin tukunyar wasu sanduna ne masu shanye niyutron, na sinadarai irin su boron da kadmiyom. A zare su ƙarfi ya hau, a sake su su faɗa ciki tsagewa ta tsaya cikin daƙiƙoƙi. Da haka Faransa take samun wajen kashi biyu cikin uku na wutarta, amma ka sani daga ƙasashe da yawa take sayen yuraniyom, har da Kazakistan, kuma ko a shekarun da take sayen na Nijar, ba da shi kaɗai ta dogara ba.

To me ya hana Arlit? Ba yuraniyom tasha take bi ba, ruwa take bi da kuma masu shan wuta. Tasha mai megawat 1,000 tana cin tataccen mai tan 25 ko ƙasa da haka a shekara, lodin 'yan motoci ne, ɗaukarsa ba matsala ba ce. Amma domin ta ba da megawat 1,000 na wuta sai ta samar da 3,000 na zafi, ta zubar da 2,000, kuma ruwa mai ɗimbin yawa ne ke kwashe shi dare da rana. Shi ya sa tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu, wadda ta fara aiki a 1984, take bakin teku, haka ma ta El Dabaa da Masar ke ginawa tun 2022. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Arlit tsohon ruwa ne da damina ba ta mayar da shi, mutane da raƙuma sun fi buƙatarsa. Sannan ƙa'idar masana ita ce kada inji guda ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa, domin ranar da ya tsaya kada ya ja kowa ya faɗi. Babbar tukunya ɗaya ta fi duk abin da Nijar ke sha a yau.

Tambaya, daga wani malamin firamare a Zariya: An ce akwai tukunyar nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello. Me ya sa ba ta bai wa Samaru wuta?

Amsa: Akwai ta, Malam, a cibiyar binciken makamashi ta jami'ar, tana aiki tun 2004, ƙirar ƙasar Sin ce. Ƙarfinta kilowat 30 da 'yan kai na zafi, kwatankwacin hita 15 ta dafa ruwa, kuma ba ta da farfela ko kwayil. Niyutron ake nema daga gare ta. Ana sa ɗan samfurin ƙasar noma ko dutse ko abinci a ciki, hasken da ya fitar daga baya ya nuna sinadaran da ke jikinsa komai ƙanƙantarsu. A 2018 aka cire manta mai tacewar kashi 90 aka mayar Sin, aka sa mai kashi 13. Gana ma tana da irinta a kusa da Akara.

Tambaya, daga wata ma'aikaciyar jinya a Maraɗi: Tashar nukiliya tana iya fashewa kamar bam?

Amsa: Malama, kamar bam ɗin nukiliya a'a. Bam yana buƙatar tacewar wajen kashi 90 da wata ƙira ta musamman, man tasha kuwa bai wuce 5 ba. Haɗarin tasha wani ne daban, kuma na gaske ne: ba ta hucewa da an kashe ta.

Gutsattsarin da tsagewa ta bari suna ci gaba da fitar da zafi da kansu, ba wani linzami da ke tsayar da su. Da an kashe tukunya, zafin da ya rage kusan kashi 6 zuwa 7 ne cikin 100. A tukunya mai megawat 3,000 na zafi, wannan megawat 200 ke nan. Bayan awa ɗaya ya sauka zuwa kashi ɗaya da rabi, bayan kwana ɗaya ƙasa da rabin kashi ɗaya, wanda har yanzu ya isa ya ƙafar da ruwa ya narka ƙarfe. Kamar rushin garwashi ne a ƙarƙashin toka, harshen wuta ya mutu amma ba a sa hannu.

Abin da ya faru a Fukushima ta Japan ke nan ranar 11 ga Maris 2011. Girgizar ƙasa ta zo, tukwanen suka kashe kansu yadda aka tsara, layin wuta na waje ya yanke, injinan gas na ko-ta-kwana suka tashi suna juya famfunan sanyaya. Kafin awa ɗaya igiyar ruwa mai tsawon kusan mita 14 ta haure katanga ta nutsar da injinan da akwatunan rarraba wuta. Famfo ya tsaya, ruwa ya ƙafe, sanduna suka fito fili. Da zafi ya haura digiri 1,200, zikoniyom ya riƙa fizge oksijin daga tururi yana sakin haidirojin, iskar nan da muka gargaɗi Hajiya a kanta a ɗakin batir. Ita ce ta tarwatsa saman gine-ginen, tukwane uku kuma suka narke a ciki. Na Chanobil a Yukiren, ranar 26 ga Afrilu 1986, salonsa daban: ana cikin wani gwaji ƙarfin tukunya ya yi tsalle, tururi ya fasa ta, kuma irin ƙirar ba ta da ƙaƙƙarfan rumbun kankare da ke rufe tukwanen zamani, sai ƙurar ta bi iska har ƙasashen Turai.

Ko man da aka gama amfani da shi sai ya shekara biyar ko fiye a ƙasan tafkin ruwa mai zurfi kafin a mayar da shi busasshen rumbu na ƙarfe da kankare. Saboda haka kowace tasha tana da injinan gas fiye da ɗaya ga kowace tukunya, da man kwanaki a tanki, da ɗakin batir, ana tayar da injinan gwaji a kai a kai, kuma bayan 2011 an ƙara famfuna da injinan tafi-da-gidanka da ake ajiyewa a kan tudu. Najeriya ta ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gina tasha. A ganinmu, gyaran layin ƙasa ya kamata ya riga tubalin farko. Wutar da ake rarrabawa galibi tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000, tukunya ɗaya mai 1,200 ta kai rubu'inta, kuma duk ranar da babban layi ya faɗi, sanyaya tukunyar zai koma wuyan injinan gas har sai wuta ta dawo.